Ganyen zuciya daga Faransa: kada Baba ya saki reshe ya kama ganye

Tambaya daga wata baiwar Allah a Garwa:

"Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 67. Bara ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, har ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasan kai. A asibiti aka ce zuciyarsa ce ta yi rauni, aka ɗora shi a kan Lasilix da digoksin da kaptopril, kuma alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Yanzu babban yayanmu da ke Faransa ya aiko da kwalaben kafso da ƙunshin busasshen ganye, an rubuta aubépine a jiki. Ya ce maganin zuciya ne na gargajiya, ba shi da illa. Baba dama ya gaji da ƙwayoyin asibiti, musamman Lasilix da ke sa shi yawan fitsari har alwala ba ta zama. Ya ce daga wata mai kamawa zai ajiye su ya koma wa ganyen. Ni ce auta, ni nake ba shi magani, kuma ba zan iya ja da Baba ko da Yaya ba. Ina mafita?"

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri kan wannan hidima. Bari mu fara da abin da ba ya jiran dogon bayani: kada Baba ya ajiye ko ɗaya daga cikin magungunan nan uku, kuma kada a buɗe kwalbar da Yaya ya aiko sai likitan da ke duba Baba ya gan ta da idonsa. Amma fa Yaya bai yi ƙarya ba da ya ce maganin zuciya ne. Inda maganar ta karkace shi ne cewa ba shi da illa, da zaton zai iya tsayawa a madadin na asibiti. In kika san abin da ke cikin ganyen da iyakar ƙarfinsa, zancen zai zo miki da sauƙi a gida.

Obefin, wato aubépine ɗin da aka rubuta a jikin kayan, ƙaramar bishiya ce mai ƙaya, dangin tuffa da furen wardi. Masana tsirrai suna kiran jinsinta Crataegus, Larabawa kuma za'arur. A Turai shingen gona ake yi da ita, tana fitar da fararen furanni wajen watan Mayu, 'ya'yanta ƙanana jajaye su nuna da kaka. Ƙasar sanyi take so, shi ya sa a Afirka sai can arewa, wajen duwatsun Maroko da Aljeriya, ake ganinta. Ba ta fitowa a Garwa ko Marwa ko Injamena, don haka duk wanda ya nuna miki magarya ko kurna a kasuwa ya ce ai ita ce, ba ita ba ce. Ƙaya da ƙananan 'ya'ya ne kawai suka haɗa su. Nau'i biyu aka fi yin magani da su a Turai: Crataegus monogyna mai ƙwallo ɗaya, da Crataegus laevigata mai biyu ko uku. Mutanen Sin suna da tasu mai manyan 'ya'ya, sun daɗe suna shan ta don narkar da abinci mai maiƙo, har alewa suke yi da ita. Likitocin Turai da Amurka kuwa sai ƙarshen ƙarni na 19 suka fara ba masu ciwon zuciya ita.

Abin da ke aiki a cikinta ba guda ba ne, kuma nan ne lissafinta ya fi na ƙwayar asibiti wuya. Digoksin sinadari ne ɗaya tak, an auna shi, kowace ƙwaya daidai take da 'yar'uwarta. Obefin kuwa taron sinadarai ce, rukuni biyu ne suka fi nauyi a ciki. Na farko filabonoyid, irin su biteksin da hiferosid da rutin, waɗanda suka fi yawa a ganye da fure. Na biyu prosiyanidin, wanda za ki ga an taƙaita shi OPC a jikin kwali. Ƙwayoyin wani sinadari ne mai suna efikatekin da danginsa suka sarƙu da juna, biyu-biyu ko uku-uku ko fiye, kuma 'yan gidansu ne ke ba goro da shayi baurin da ake ji a harshe. Bayan waɗannan akwai asid ɗin ursolik da oleyanolik, da kulorojenik wanda ke cikin gahawa. Yawan kowane ɗaya yana canzawa da nau'in bishiyar, da lokacin da aka tsinko, da yadda aka shanya. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ciwon zuciya da ganye haɗe da fure aka yi su, ba da 'ya'yan ba.

A ɗakin gwaji, kan tsokar zuciya da jijiyoyin jini, an ga waɗannan sinadarai suna yin abu uku. Suna ƙara wa tsokar zuciya ɗan ƙarfin matsawa. Suna sa bangon jijiya ya saki iskar naitirik oksaid, jijiyar ta buɗe, jini ya wuce ba tare da zuciya ta wahala sosai ba, har da ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta. Suna kuma tsawaita ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu, abin da ake ganin yana iya rage rikicewar bugun. Ki lura da biyun farko da kyau, don kusan aikin digoksin ke nan da aikin kaptopril. Za mu komo kansu.

Ɗakin gwaji daban, jikin dattijo daban. A Jamus, kwamitin gwamnati mai tantance magungunan tsirrai ya amince a 1994 a ba da tatacciyar obefin, 160 zuwa 900 mg a rana, ga mai raunin zuciya mataki na biyu, wato wanda in yana zaune lafiya lau yake, sai ya hau bene ko ya yi tafiya da sauri haki ya kama shi. An kuma ce sai an yi aƙalla mako shida ana sha kafin a ga amfaninta. A 2008 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara gwaje-gwaje 14, ta ga masu shan ta a kan magungunansu na asibiti sun ɗan fi jure motsa jiki, haki da kasala sun ragu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne hujjar Yaya.

Sai dai a shekarar dai aka fitar da sakamakon gwaji mafi girma, mai suna SPICE. Mutum 2,681 masu raunin zuciya, rabi suna shan 900 mg a rana na tatacciyar obefin mai suna WS 1442, rabi suna shan ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a ciki, har shekara biyu. Da aka zo lissafin abin da ya fi muhimmanci, wato mutuwa ta dalilin zuciya da toshewar jijiyar zuciya da kwanciya asibiti, ba a samu bambancin da za a kafa hujja da shi ba. Wani gwajin a Mishigan ta Amurka, mutum 120 na wata shida, bai nuna sun ƙara nisan tafiya ba, kuma da aka sake bin bayanan sai aka ga alamar ciwon wasu masu shan ta ya fi saurin tsananta a farko. Ga abin da muke so ki riƙe: a manyan gwaje-gwajen nan biyu babu wanda aka ce ya ajiye maganinsa. Ƙari aka yi musu a kan abin da suke sha. Dangin kaptopril kuwa an tabbatar da manyan gwaje-gwaje cewa suna rage mutuwa ga masu raunin zuciya, abin da obefin ba ta nuna ba.

Shi ya sa a 2016 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ajiye ganye da furen obefin a matsayin maganin gargajiya na abu biyu kawai: faɗuwar gaba da bugun zuciya na ɗan lokaci da damuwa ke kawowa, bayan likita ya tabbatar babu ciwo mai tsanani, sai kuma ƙaramar damuwa da rashin barci. Mutumin da ya kai ga kwana a kan tarin matasan kai ya wuce wannan layin da nisa. Batun hawan jini ma kada a sa rai da yawa. Wani gwaji a Ingila a 2006, kan masu ciwon suga 79 da kusan rabinsu suka sha 1,200 mg a rana na mako 16, ya nuna lambar ƙasa ta awon jini ta sauka da abin da bai kai maki uku ba, ta sama kuwa ba ta bambanta ba.

Yanzu ki ɗauko kwalbar ki karanta jikinta, don ba duk abin da aka rubuta wa aubépine ne daidai da wanda aka gwada ba. In kika ga poudre, garin ganye ne kawai aka ɗura. In kika ga extrait sec, an tace an busar. Sommité fleurie ganye da fure ke nan, baies kuma 'ya'yan. WS 1442 ana samun giram ɗaya nata ne daga giram 4 zuwa 6.6 na busasshen ganye da fure, kuma an daidaita ta yadda OPC zai kama kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari. Ke nan 900 mg nata ya fito ne daga giram 3.6 zuwa kusan 6 na ganye. In kafson Yaya gari ne mai 300 mg, sai an haɗiye 12 zuwa 20 a rana kafin a kamo wannan nauyin, kuma ko an yi hakan babu tabbacin yawan sinadarin da ke ciki. Ba cewa muke a sha hakan ba, nuna miki muke cewa suna ɗaya ne, kaya daban. Ko Euphytose da ake sayarwa a farmasi don damuwa da barci akwai obefin a ciki, amma 10 mg ne kacal a kowace ƙwaya, tare da wasu tsirrai uku. Ki duba kuma abu biyu da gidan Musulmi zai so ya sani: teinture mère ruwan magani ne da aka jiƙa a barasa, kafso kuma in ba a rubuta végétale ba, yawanci daga gelatin na dabba aka yi ɓawonsa.

Busasshen ganyen ba a dafa shi yadda muke dafa saiwa ko sassaƙe. Giram ɗaya zuwa biyu ake sa wa a kofi, kimanin ƙaramin cokalin shayi, a zuba tafasasshen ruwa 150 ml, a rufe minti goma zuwa sha biyar, a tace. Iyakarsa sau huɗu a rana, kada ya wuce giram shida gaba ɗaya. Wannan awon na babba ne mai lafiyayyar zuciya da damuwa ta hana barci, kuma shi ma in ya yi mako biyu bai ga canji ba, asibiti zai nufa. Mai ciki da mai shayarwa da yara ba a ba su. Ga Baba akwai wani lissafin: kofi huɗu 600 ml ne, in likita ya ƙayyade masa ruwan da zai sha a rana, daga cikin kasonsa za a cire. Ajiya ma abin lura ce. Zafi da haske da laima suna cinye prosiyanidin, ganyen da ya yi bazarar Garwa a leda kan taga sai dai ƙamshin ciyawa.

Mu komo kan haɗuwarta da magungunan Baba, nan ne hatsarin yake. Kaptopril yana buɗe jijiya, Lasilix yana rage ruwa, in obefin ta ƙara buɗewa a kai jini na iya sauka fiye da kima. Alamarsa jiri in ya miƙe daga zaune ko ya ɗago daga sujada, kuma faɗuwar dattijo ba ƙaramin abu ba ce. Digoksin kuwa magani ne da tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ƙarama ce ƙwarai. Wani ƙaramin gwaji a Amurka a 2003 bai ga obefin ta canza yawan digoksin a jini sosai ba, amma mutum takwas ne masu lafiya, ba dattijo mai shan maganin fitsari a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu ba. A irin wannan zafin gumi da Lasilix suna busar da jiki, ƙoda ta rage aiki, digoksin ya taru tunda ta ƙoda yake fita. Lasilix kuma yana zubar da fotasiyam, ƙarancinsa yana ƙara wa digoksin dafi. An kuma gano obefin tana iya rikita wani nau'in gwajin da ake auna digoksin da shi a jini, lamba ta fito ba daidai ba. Ita kanta obefin takan kawo jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko lalacewar ciki ga wasu, kuma wanda za a yi wa tiyata ya kamata ya gaya wa likita yana shan ta saboda batun zubar jini.

In kuwa Baba ya ajiye magungunansa, abin da zai biyo baya sananne ne. Kwana biyu ko uku zai ji daɗi, fitsari ya ragu, ya ce ai ga shi ganyen ya karɓe shi. A lokacin ruwa yana taruwa a hankali. Takalmi zai fara matse shi, sannan ciki, sannan huhu, wata rana cikin dare ya farka yana neman iska. Obefin mai bukatar mako shida ba ta da abin da za ta yi a wannan daren.

A ganinmu ainihin damuwar Baba ba ganye ba ce, alwala ce, kuma wannan tana da gyara. Ƙwayar Lasilix tana fara aiki cikin awa ɗaya da sha, ta yi kamar awa shida tana aiki. In sau ɗaya yake sha a rana, ya sha da an sallame Asuba, kafin Azahar yawancin fitsarin ya wuce. Da yawa ana samun matsalar ne don ana jira sai an karya kumallo da hantsi, aikin maganin ya faɗo daidai Azahar da La'asar. In sau biyu aka rubuta masa, ku gaya wa likita damuwar a fili, ya tsara lokutan da kansa, ko ya duba ko za a iya ragewa tunda kumburin ya sauka. Kada ku rage da kanku. Ku kuma tambayi malamin da Baba ya yarda da shi hukuncin mai uzuri, akwai sassauci a addini ga mara lafiya, kuma daga bakin malami zai fi shiga kunnensa. Batun azumi ma likita za a tambaya tun kafin watan ya kama.

Akwai abin da ke hannunki wanda ya fi kafson nan tasiri, wato tukunya. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, yawansa ne ke sa a ƙara Lasilix. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram biyar a rana, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma da na cikin dunƙule da kilishi da kifin da aka busar da gishiri da burodi ake lissafawa. Kanwa ma sodiyam ce, ko da harshe bai ji ta kamar gishiri ba, don haka miyar kuka ko kuɓewar Baba a rage mata kanwa sosai, kunun kanwa kuwa a bar shi. A cire masa tasa miyar kafin a sa dunƙule, a ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da albasa. Zoɓo, folere ɗin nan da ake sha ko'ina, shi ma yana ɗan saukar da jini, kofi ɗaya jefi-jefi ba laifi, amma kada a mai da shi magani. Goro da shayi mai kauri suna tayar da bugun zuciya. Sai babban abin da ake mantawa: diklofenak da ibuprofen da ake saya a tebur don ciwon gwiwa suna riƙe ruwa, suna takura ƙoda, suna karya aikin Lasilix da kaptopril. In jiki na ciwo, parasetamol, shi ma bisa awo.

Yadda za ki ɓullo wa manyanki kuwa, ba sai kin ce wa kowa ya yi kuskure ba. Ki kira Yaya shi kaɗai, ki yi masa godiya, ki tura masa hoton kwalayen magungunan Baba uku ta WhatsApp, ki roƙe shi ya shiga farmasi a can Faransa ya nuna su, ya tambaya ko obefin za ta iya maye gurbinsu. Amsar da zai ji ita ce wadda muka ba ki, kuma in ta fito daga bakinsa zuwa kunnen Baba, ke kin fita. Shi kuma Baba ki fara masa da zancen alwalar, ki ce kin ji akwai yadda ake gyara lokacin shan maganin, ki nemi izininsa ku je wurin likita tare da kayan da Yaya ya aiko don a nuna muku yadda ake haɗa su. In kin ga zai ƙi, ki sa baffa ko gwaggo da yake jin nauyinsu su yi masa magana. Mai yiwuwa likita ya duba ya ce a'a saboda digoksin, mai yiwuwa kuma ya yarda da ƙaramin awo yana bibiya. Ko wanne ne, kyautar Yaya ba a wulaƙanta ta ba.

Ranar zuwa asibiti ki haɗa komai a jaka guda, har da kwalaben obefin da duk wani jiƙo ko gari da Baba ke sha, ki tambaya ko lokacin gwajin ƙoda da fotasiyam ya yi. Kafin nan ki samu sikeli, Baba ya riƙa hawa kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya ci komai, ki rubuta a littafi tare da bugun hannunsa na minti guda. In nauyinsa ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne, a kira likita ranar. In bugun ya sauka ƙasa da 60, a tambayi likita kafin a ba shi digoksin na ranar. In kuwa ya fara amai, ko ya ƙi abinci, ko ya ce yana ganin abubuwa rawaya-rawaya, ko ya rikice, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, ko ƙirji ya riƙe shi, ba a jiran gari ya waye, asibiti za a kai shi nan take.